Reshen da aka girgiza: hassada tsakanin aminai a labaran 'yan makaranta

A shekarar 1956 mujallar Cosmopolitan ta Amurka ta buga wani gajeren labari mai suna "Phineas" na John Knowles. Bayan shekara uku marubucin ya faɗaɗa shi ya zama littafin A Separate Peace, wanda ya fara fitowa a Landan a 1959, ya kuma daɗe cikin manhajar adabi ta makarantun sakandaren Amurka. Knowles tsohon ɗalibin makarantar kwana ta Phillips Exeter ne a jihar New Hampshire, kuma a kanta ya siffanta makarantar labarinsa.

Zaren labarin gajere ne. A bazarar 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, samari biyu na kwana ɗaki ɗaya. Gene gwanin karatu ne, Finny kuwa gwanin wasanni, mai farin jini, wanda ko doka ya karya sai malamai su yi murmushi. Wata rana ya karya tarihin ninƙaya na makarantar ba mai kallo sai Gene, ya kuma ce a bar maganar a tsakaninsu. Gene ya soma zargin cewa amininsa na janye shi zuwa wasa ne da gangan don ya faɗi jarrabawa, kuma wannan zargi ya sanyaya masa zuciya, domin in haka ne ai sun zama ɗaya. Ranar da ya gano babu ko ƙwayar zarra ta gasa a zuciyar Finny, ranar ce suka hau bishiyar da ake tsalle daga kanta zuwa kogi. Gene ya girgiza reshen. Finny ya faɗo ya karye, wasa ya ƙare masa ke nan.

Abin lura shi ne ba ƙiyayya ce ta tura yaron ba. Da Finny maƙiyi ne, da abin ya yi sauƙi. Abin da Gene ya kasa jurewa shi ne zama kullum kusa da wanda ya fi shi, har a kyan hali, kuma yake ƙaunarsa.

Hausa ta raba abin da ake yawan cakuɗawa. Kishi tsoron a ƙwace maka abin da ke hannunka ne. Hassada ƙyashin abin da ke hannun wani. Adabinmu na zamani ya ƙware a na farko. Tun daga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990 zuwa labaran da ake turawa a WhatsApp da Wattpad, an tone zaman kishiyoyi ciki da bai. Amma in aka zo kan ƙawaye 'yan makaranta, a ganina marubuta na ɗaukar hanya mai sauƙi: muguwar ƙawa tun shafin farko an san ta, saurayi ake rikici a kansa, boka na jira a babi na gaba, a ƙarshe asiri ya tonu. Mai karatu ya rufe littafi hankali kwance, don bai ga kansa a ciki ba. Knowles kuwa ya miƙa wa mai laifin bakin ba da labari, har mai karatu ya yi tafiya mai nisa yana ba shi gaskiya kafin ya ankara.

Kayan irin wannan labari ba su yi mana ƙaranci ba. Ma'aikata da dama a Abuja 'ya'yansu na kwalejojin gwamnatin tarayya na Kwali, Bwari ko Abaji, inda 'yar darakta da 'yar direbansa kan iya haɗa gado sama da ƙasa. Ranar ziyara wata a cika mata akwati da madara da biskit, wata garin kwaki da ƙuli-ƙuli ne rabonta. Za a naɗa shugabar ɗalibai ɗaya tak cikin aminai biyu. Sakamako ya fito, uba ya tsallake makin 'yarsa ya tambayi na ƙawarta, yana ganin zaburarwa yake yi. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna mata marubuta na iya ɗaukar babban lamari cikin 'yan shafuka. Gajeren zango irin wannan shi ya fi dacewa da laifin da ake aikatawa cikin ƙiftawar ido.

A littafin, Gene ya je har gidansu Finny ya faɗi abin da ya yi, Finny ya ƙi yarda, domin yarda na nufin rasa aboki bayan rasa ƙafa. Sai da wasu ɗalibai suka shirya musu zaman tuhuma da dare gaskiya ta fito fili. Finny ya fice a fusace, ya zame a matakala, ƙafar ta sake karyewa, ya rasu ana tsakiyar ɗora ta.