Mil Goma Daga Giris

Wanda ya tashi daga Bagudo ya haye kogin Kwara ya nufi Illo zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Illo tana ƙarƙashin masarautar Gwandu, a Jihar Kebbi. Amma idan aka zo maganar asalin sarautar garin, ba Gwandu ake dubawa ba. Kisra ake ambata a matsayin kaka, a ce Illo da Bussa da Nikki 'yan ɗaki ɗaya ne, su ne manyan gidajen sarautar Borgu. To ga Bussa a Jihar Neja, ga Nikki can cikin Jamhuriyar Benin, inda ake karatu da Faransanci, ake ciniki da sefa. Wa ya raba 'yan'uwa uku gida uku? Kuma me ya sa iyaka ta faɗo kogi a wajen Lolo, ba gaba ba, ba baya ba?

Bakin zaren yana cikin kogin. Tun kafin zuwan Turawa, fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sai sun ƙetare Kwara, kuma yankin Illo na cikin mashigan da suke bi. Garin kansa ba a bakin ruwa yake ba. Giris ce tasharsa, nan jiragen ruwa ke tsayawa. Ayari na jakuna ya iso da kanwa da tufafi da kayan fata, a sauke, a yi fito, a biya kuɗin hanya, madugu ya ja gaba. Duk mai riƙe da wannan mashigi yana da abin hannu. Wannan ya nuna dalilin da ya sa aka sa wa Illo ido, amma bai nuna wanda ya ja layi ba.

Sai mu matsa zuwa 1894. A shekarar ce Kyaftin Lugard, yana yi wa kamfanin Royal Niger aiki, ya yi tsere da Bafaranshe Decoeur zuwa Nikki, kowa na son ya riga ƙulla yarjejeniya. Lugard ya riga isa, amma Faransa ta ce takarda ba ta isa ba, sai wanda ya kafa soja. A 1897 sojojinta suka shiga Illo da Bussa. Saura ƙiris Faransa da Ingila su gwabza yaƙi a kan ƙasar da ba ta kakan kowa a cikinsu ba.

A Paris aka warware, ranar 14 ga Yuni 1898. Faransa ta riƙe Nikki, ta janye daga Bussa da Illo. Ga kuma amsar tambaya ta biyu a rubuce cikin yarjejeniyar: layin zai taɓa gaɓar Kwara ta dama a wani wuri mai nisan mil 10, wato kilomita 16, sama da tsakiyar garin Giris. Daga tashar fatake aka auna. An ƙara tantance layin a 1906, amma tushensa ke nan. Shi ya sa yau mutumin Lolo da na Madekali da ke tsallaken iyaka suke cin kasuwa ɗaya, suke auratayya, amma ɗan kasuwa sai ya ware naira a aljihu ɗaya, sefa a ɗaya.

Saura Gwandu. Wannan aikin Ingilishi ne su kaɗai. Bayan sun kafa mulki, sai suka yanke Illo da Ka'oje daga Borgu suka haɗa da Gwandu, wadda ita ma rabon ƙasa da Faransa ya cinye mata yankuna. Aka biya bashin wani da dukiyar wani. Bussa ba ta manta ba, kuma rage mata ƙasa na cikin abubuwan da suka taru har aka yi boren 1915.

Abin da ke ci mini rai shi ne, duk wannan labari sai an tono shi a takardun London da Paris da Kaduna, alhali garin da abin ya faru a kansa yana nan da ransa. Tsohuwar Bussa ta nutse a tafkin Kainji a 1968. Nikki tana wata ƙasa. A cikin ukun, Illo ce kaɗai ta rage a Najeriya a mazauninta.

Akwai abin koyi a Amurka: wani gari, Williamsburg, wanda ya yi hedkwatar Virginia daga 1699 zuwa 1780, sannan ya koma ƙaramin gari da aka manta. Daga 1926 wani limamin coci, Goodwin, ya shawo kan attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya zuba kuɗi. Aka gyara tsofaffin gine-gine fiye da 80, aka sake gina waɗanda suka rushe, aka sa maƙera da masaƙa da masu buga littafi suna aiki a gaban baƙi da kayan zamanin da. Garuruwa da dama suka kwaikwaya. Sai dai a Williamsburg an daɗe ana nuna rayuwar masu gida kawai. Sai a 1979 aka fara ba da labarin bayi baƙar fata yadda ya kamata, bayan kuwa su ne kusan rabin mutanen garin. Wannan kuskure ne da bai kamata mu maimaita ba: tarihin Illo ba na fada kaɗai ba ne, har da na Kyangawa da Fulani da Zabarmawa da masu fito.

Mu ba ma buƙatar ɗaukar wani haya ya sa kayan da ya yi wasan kwaikwayo. Masunta suna nan, masu kwale-kwale suna nan, makaɗan fada suna nan. Kebbi kuma ta san aikin, tunda tsohuwar fadar Argungu ta zama gidan tarihin Kanta tun 1958. Maƙwabtanmu na Benin sun riga mu: fadojin Abomey suna cikin jerin UNESCO tun 1985, kuma a 2021 sun karɓo kayan tarihi 26 daga Faransa.

Kira nake ga gwamnatin Kebbi da ƙaramar hukumar Bagudo da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa: a naɗi muryar dattawan Illo yanzu, a tantance tsohon mashigin fatake a Giris a kafa masa alama, a fassara yarjejeniyar 1898 da Hausa a rataye inda 'yan makaranta za su karanta.