Daga taɓarya zuwa biro: Yadda ƙaramin injin kafinta zai iya buɗe sabuwar kasuwa a Jega, Aliero da Maiyama

Shekara da shekaru masassaƙa na cin abinci da kirya, marke da maɗaci a ƙasar Kabi. Su ke samar da turmi da taɓarya, akushi, ƙotar fartanya da kujerar mata. Amma injin niƙa ya rage wa turmi aiki, roba da silba sun kori akushi daga gidaje da dama, manyan itatuwan da ake sarewa kuma sai nisa suke ƙara yi da gari.

Akwai wata sana'ar itace da ba ta buƙatar babban gungume: yin biro na katako, irin wanda ake bayarwa kyauta ko a sa hannu a takarda da shi a ofis. Guntun da bai wuce santimita 13 a tsawo da santimita 2 a kauri ba ya isa biro guda. Aikin na buƙatar injin juya katako, irin wanda kafintoci ke fitar da ƙafafun kujera da gado da shi. Sai dai ba za a ɗora masa biro haka nan ba, sai an yi masa gyare-gyare. A nan ne mai ƙaramin jari zai iya cin riba, a nan ne kuma zai iya ƙona kuɗinsa.

Me ya sa sai an gyara injin?

Ƙafar kujera na yafe kuskure. Idan ta karkace da milimita ɗaya ko biyu, babu mai lura. Biro ba ya yafewa. Ana huda guntun itacen ne a zura masa bututun tagulla, wanda a ƙirar da ta fi yawa faɗinsa milimita 7 ne, sannan a yi ta fere itacen har abin da ya rage a kan bututun ya koma kamar kaurin farce a bakinsa. Injin da ke rawa ko da kaɗan ne zai fitar da biro mai gefe ɗaya kauri, ɗaya sirara, ko kuma itacen ya tsage ana dab da gamawa.

Saboda haka gyaran farko ba ya cin kuɗi sosai. A ɗaure injin da noti a kan tebur mai nauyi, ko a jibga buhunan yashi a ƙasan teburin. A kama bakin injin a girgiza. Idan yana motsi, boris ya ci, a canja shi. Daga nan a turo gindin injin har tsininsa ya haɗu da tsinin kan injin. Idan ba su haɗu baki da baki ba, sai a saka siraran ƙarfe a ƙarƙashi har su daidaita. Wanda ya tsallake wannan mataki, duk abin da ya saya daga baya asara ce.

Sandar da ke riƙe biro

Abu na biyu shi ne mandiril, wata siririyar sandar ƙarfe da ake zura itacen a jikinta ya riƙa juyawa. Tana shiga ramin da ke bakin injin, kuma ramin nan iri-iri ne. A ƙananan injuna an fi samun MT1 da MT2, kuma na ɗaya ba ya zama a ramin ɗaya. A auna kafin a yi oda, musamman ga mai saye ta intanet, inda mayar da kaya ke da wuya.

Injunan da masu walda ke haɗawa a gida galibi ba su da wannan rami. Mafita ita ce a kai wa masu injin juya ƙarfe su yanka mahaɗi daidai da bakin injin. A ɗaya gefen kuma ana buƙatar tsini mai boris a ciki, wanda ke juyawa tare da sandar, mai kusurwa digiri 60. Tsinin da ba ya juyawa zafi yake ɗauka ya cinye bakin sandar. Kada kuma a matse gindin injin da ƙarfi, domin sandar na lanƙwashewa, biron ya fito ba a mulmule ba.

Gudu da wutar lantarki

Ƙaramin abu gudu yake so. Masu wannan sana'a kan huda itace a juyi 500 zuwa 800 a minti ɗaya, su fere shi a juyi 2,500 zuwa 3,000, sannan su rage gudu wajen goge shi. Moto na gama-gari da ke aiki da wutar Najeriya kuwa juyi kusan 1,400 yake yi a minti.

Hanya mafi sauƙi ita ce canja fuli. Idan fulin moton santimita 10 ne, na injin kuma 5, gudun zai ninka ya kai kusan 2,800. Fuli mai hawa uku ko huɗu na ba da damar sauya gudu ta hanyar matsar da bel kawai.

Hanya ta biyu tana shagon masu sayar da kayan teloli. Sabon moton keken ɗinki na masana'anta, mai wat 550 ko 750, yana da wurin ƙara gudu da ragewa, ba ya ƙara sosai, kuma ba ya jan wuta sai yana aiki. Masu ƙananan injuna a ƙasashe da dama na ɗora shi. Amfaninsa ya fi fitowa a inda wuta ba ta tsayawa. Tsohon moto kan ja ninkin wutar da yake ci sau da yawa a lokacin tashi, abin da ke durƙusar da ƙaramin janareta, alhali wannan a hankali yake tashi, har sola mai matsakaicin ƙarfi na iya ɗaukar sa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan lissafi ya zama wajibi ga duk mai sana'ar da ke dogara da janareta.

Mai sayen injin gwanjo kuma ya duba rubutun da ke jikinsa. Na Amurka an yi su ne don wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120, tamu kuwa 230 ce. Jona shi kai tsaye ba tare da taransifoma ba ƙona shi ne nan take.

Da tsohuwar zuma ake magani

Ɗanyen itace ba ya biro. Wanda aka fere da damina, da zarar hunturu ya busa zai tsuke a kan bututun ya tsage a aljihun mai shi. Wannan ya sa tsohon itace ya fi sabo daraja a sana'ar: fasasshen turmi, karyayyiyar taɓarya, ƙyauren da aka cire, ragowar da kafinta ke zubarwa. Taɓarya ɗaya ta kirya da ta shekara 20 tana daka za ta iya ba da guntayen biro fiye da goma, a bushe sarai.

Kirya na da tauri da launi ja mai duhu, tana kuma ɗaukar sheƙi. Maɗaci ya fi sauƙin fira, don haka ya dace da mai koyo. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ita, fara ce mai laushin gani.

Batun madobiya kuwa sai an yi hattara. Yawan sare ta ana kai wa Chaina ya sa yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta saka ta cikin jerin waɗanda ake sa wa ido tun 2017, a 2022 kuma aka dakatar da fitar da ita daga ƙasashen yankin. Mai burin sayar da biro a waje ya nisance ta.

Kirya na dakushe cizal da wuri, don haka dutsen wasa ƙarfe na cikin jari. Bayan fira, a goge da samfefa daga lamba 150 a hau a hankali zuwa 600, sannan a shafa gam irin Super Glue shafi-shafi, a sake gogewa har ya yi ƙyalli. Tabarau da takunkumi dole ne, domin ƙurar itace na taruwa a ƙirji. Babbar riga da hannun kaftani mai faɗi kuma ba su da wuri kusa da abin da ke juyi 3,000 a minti.

Wa zai saya?

Kalmar biro ta samo asali ne daga sunan László Bíró, ɗan jaridar Hangari da ya yi rajistar ƙirarsa a 1938. A 1950 kamfanin BIC na Faransa ya fito da na roba mai araha, wanda har yau shi ne a hannun ɗalibai. Biron katako ba zai yi gasa da shi a farashi ba. Kasuwarsa ita ce ta kyauta da tunawa.

Garuruwan uku na kan hanya ɗaya, wadda ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero, Jega da Maiyama ta nufi Koko da Yawuri. Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006, Jega na da kwalejin kimiyyar lafiya da babbar kasuwa, ga Birnin Kebbi da ofisoshinta ba nisa. Bikin yaye ɗalibai, walimar sauka, naɗin sarauta, ɗaurin aure da liyafar ritaya duk wurare ne da ake raba kayan tunawa, waɗanda mafi yawansu daga waje ake shigo da su. Dillalin albasa da ke hulɗa da 'yan kasuwar Kudu ma na iya buƙatar abin da zai miƙa wa abokin cinikinsa.

Babban ƙalubalen shi ne kayan ƙarfen biron, wato bututu, baki, maƙalin aljihu da tawada. Daga waje suke zuwa, farashinsu kuma na bin dala. Oda ɗaya-ɗaya na cinye riba a kuɗin dako, amma idan kafintoci biyar ko goma suka haɗa kuɗi suka yi oda tare, nauyin zai ragu. A zaɓi ƙirar da ake samun tawadarta a shagunan kayan rubutu, domin biron da tawadarsa ta ƙare babu madadi ya zama kara.

Ga mai shirin farawa, tsarin kashe kuɗin shi ne: daidaita injin da canja boris, sai mandiril da tsini mai juyawa, sai wasa cizal, moto ya zo a ƙarshe. Kafin ya taɓa kayan da ya sayo da dala, ya fere guntayen dogon yaro 20 ko 30 tukuna, har hannunsa ya faɗa.