Gargaɗi Ga Masu Kyamarar Tsaro A Yola Da Jimeta: Ku Duba Na'urorinku Yau

Zuwa ga jama'ar Yola da Jimeta, musamman 'yan kasuwa, masu shagunan waya da na magani, masu POS, kwamitocin masallatai da na majami'u, shugabannin makarantu da magidanta.

Duk wanda ya kafa kyamarar tsaro a shago ko a gida, ya daure yau ɗin nan, kafin ya kwanta, ya buɗe na'urarsa ya nemo abin da ta naɗa jiya da ƙarfe biyu na dare. Hoton da yake motsi a allo yanzu ba hujja ba ne; na jiya ake nema. In ya fito, fuska ta ganu, kwanan wata da agogo sun yi daidai, to alhamdu lillahi. In bai fito ba, abin da yake manne a bangon nan ado ne kawai, kuma gara mai shi ya sani yau da ya sani ranar da aka fasa masa shago.

Ba sai an faɗa wa mutumin garin nan dalilin sayen kyamara ba. Mun ga harin masallacin Jambutu a watan Oktoban 2015. Mun ga wawushe rumbuna da shaguna a ranar 30 ga Yulin 2023, har Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya sanya dokar hana fita ta awa 24. 'Yan Shila kuwa sun sa mutum ba ya sakin jiki da wayarsa a cikin Keke Napep. Shi ya sa mutane suke zuba kuɗi, daga Kasuwar Zamani ta Jimeta har gidajen Karewa, Bekaji da Dougirei. Abin da yake ci mini rai shi ne yadda ake kashe kuɗin, a samu kwanciyar hankali, alhali na'urar ta daɗe da daina aiki ba wanda ya lura.

Babbar matsalar ita ce wuta. Da zarar wutar kamfanin lantarki na YEDC ta ɗauke, kyamara da akwatin naɗi, wanda masu sana'ar suke kira DVR, duk sun mutu tare, kuma duhun nan shi ɓarawo yake jira. Ku tuna watan Afrilun 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, Yola ta kwashe makonni a cikin duhu. Janareta ba ya magance wannan, domin ana kashe shi idan an rufe shago. A ware wa kyamarori batir da inbata nasu, ko ƙaramar sola, kada a haɗa su da firji ko fanka. Kyamara huɗu da akwatinsu ba su cika cin wutar da ta kai ta tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ba, saboda haka abin bai fi ƙarfin mai matsakaicin shago ba. A sa musu na'urar kariya daga hauhawar wuta, domin dawowar wuta da ƙarfi da tsawar damina suna ƙone su nan take.

Sai faifan ajiya, inda aka fi cutar mai saye. Akwatin naɗi yana nuna hoto tangaran a allo ko da babu faifai a cikinsa kwata-kwata. Mai haɗawa marar tsoron Allah yana iya sa maka tsohon faifan kwamfuta, ko ya ƙi sawa gaba ɗaya, ka ga hoto ka biya shi ya tafi. Ka ce a buɗe akwatin a gabanka, ka ga faifan da idonka, a rubuta sunansa da girmansa a rasit. Akwai waɗanda aka ƙera don aikin dare da rana, irin su WD Purple da Seagate SkyHawk. Araha ba ta ado. Ko faifan mai kyau ne, zafin Yola yana kashe shi: a Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, sai kuma a kulle akwatin cikin durowar ƙarfe ko a cusa shi a silin ƙarƙashin kwano inda iska ba ta shiga. Idan akwatin ya fara ƙara ɗin-ɗin ba ƙaƙƙautawa, sau da yawa kukan faifai yake yi. Kada a kashe ƙarar a ci gaba da harka, a kira mai gyara.

Ku kuma sani cewa faifai yana cika, kuma idan ya cika sabon hoto yana goge tsoho. Faifai mai terabait ɗaya a kan kyamara huɗu da suke naɗi ba tsayawa yakan riƙe abin da bai wuce mako ɗaya zuwa biyu ba. In abu ya faru, a kwafe hoton a filashi a ranar. Kuma a gyara agogon akwatin. Akwai ɗan ƙaramin batir a ciki da in ya mutu kwanan wata yake komawa baya. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar a nuna cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata kafin kotu ta karɓi abin da ta fitar. Hoton da ya nuna shekarar da ba ita ba ya ba lauyan wanda ake tuhuma ƙofar fita.

Wurin kafawa ma ana kuskure. Ana ɗaga kyamara can ƙololuwar gini don kada a taɓa ta, sai ta riƙa ɗaukar hula da kafaɗa. Aƙalla guda ɗaya ta kalli ƙofar shiga daga tsayin da bai wuce mita uku ba, kuma kada ta fuskanci rana ko fitila. Ƙurar hunturu da saƙar gizo-gizo suna mayar da hasken daren kyamara cikin idonta, hoto ya yi fari fat. Tsumma mai laushi ya isa a goge ta. A kankare bakin wayar haɗa kyamara da za a saya da wuƙa, in cikinta fari ne to alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba za ta yi ƙarko ba. Akwatin kuwa a ɓoye shi nesa da allo, domin ɓarawo yana ɗauke shi ya tafi da shaida baki ɗaya, kuma a ɗaga shi daga ƙasa. Mutanen Shagari da Yolde Pate sun ga abin da ambaliyar Yulin 2025 ta yi wa kayan cikin ɗaki.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙon magidanta su saurara. Yawancin kyamarorin yanzu ana kallonsu ta waya. Wanda ya haɗa maka shi ya sa kalmar sirri, kuma sau da yawa a wayarsa ya fara gwadawa. In ba ka canza ba, in ba ka tsaya ya cire na'urarka daga wayarsa a gabanka ba, to yana iya kallon tsakar gidanka duk lokacin da ya ga dama, ya ga iyalinka, ya san lokacin fitarka da inda kake ajiye kuɗi. Ba shi kaɗai ba. A 2014 an gano wani shafin intanet mai suna Insecam yana nuna kyamarori sama da 70,000 na ƙasashe daban-daban kai tsaye, saboda masu su sun bar kalmar sirrin da kamfani ya sa. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta shiga dubun dubatar kyamarori da akwatunan naɗi ta wannan ƙofar. Ku canza kalmar da hannunku, doguwa, mai haɗa haruffa da lambobi, ban da 12345 da lambar waya da sunan ɗa. Kyamara ta tsaya a ƙofar gida, zaure da katanga. Ba ta da hurumi a ɗakin kwana, banɗaki, ko inda mata suke sakewa, kuma haramun ne a karkata ta ta leƙa gidan maƙwabci. Masu otal da ɗakunan kwanan ɗalibai su ji da kyau: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana aiki, kuma hoton mutum yana cikin bayanan da take karewa.

In kyamara ta kama wani, kada a garzaya da hoton zuwa Facebook ko WhatsApp. Hoton dare yana da dishi-dishi, kama da wane ba wane ba ce, kuma mun san abin da taron jama'a a fusace yake iya yi wa wanda aka nuna da yatsa. A kai wa 'yan sanda kwafi, a riƙe kwafi.

Ƙungiyoyin kasuwa da hukumomin da suke shirin sa kyamarori su ware kuɗin wuta da na gyara tun daga farko. Aikin kyamarorin Abuja da aka ba kamfanin ZTE a 2010 a kan dala miliyan 470 ya lalace an bar ƙasa da bashi.

Don Allah wanda ya karanta ya isar ga maƙwabcinsa, shugabannin layi su sanar a kasuwa, kuma kowa ya sa wa kansa rana ɗaya a mako da zai riƙa duba naɗin daren jiya. A fara yau. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, Ya zaunar da Adamawa lafiya.