Intanet Ta Ƙi Buɗewa: Ba Kullum Ne Laifin Waya Ba

Ran Juma'a 14 ga watan Maris na 1924 babu wanda ya san wata aba wai ita intanet, amma ran 14 ga Maris na 2024, wadda ita ce ta faɗo Alhamis, 'yan kasuwarmu na Mile 12 da Agege da Sabon Ibadan sun ɗanɗana rashinta. Mai tumatir ya sauke kaya, mai saye ya ce ya tura kuɗi, aka duba waya shafin banki ya ƙi buɗewa. A irin wannan rana mutum yakan zargi wayarsa, alhali kuwa ɓarnar tana can ƙarƙashin teku, daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, inda manyan wayoyi huɗu suka lalace, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Suna cikin wayoyin da ke ɗauko intanet ɗin Afirka ta Yamma, kuma gyaransu ya ɗauki makonni. Duk gwanintar masu gyara na Computer Village da ke Ikeja, babu mai iya taɓa wannan.

To, abin lura shi ne burauza, watau Chrome ko Opera Mini ko Firefox da ake buɗe shafi da su, tamkar ɗan aike ce. In ɗan aike ya dawo hannu wofi, ko dai hanya ce ta yanke, ko kuɗin mota ya ƙare, ko gidan da aka aike shi a rufe yake. Sai an bincika waɗannan kafin a ce shi ne malalaci.

Binciken kuwa ba shi da wuya. A tambayi maƙwabcin rumfa mai layin kamfani ɗaya. In shi ma nasa ya tsaya, sai haƙuri. In shafi guda ne ya ƙi amma sauran suna buɗewa, matsalar ta masu shafin ce. Sannan a duba data. Tun 2023 hukumar sadarwa ta NCC ta haɗe lambobin kamfanoni, saboda haka *323# tana nuna sauran data a kowane layi. Akwai kuma datar da aka sayar don WhatsApp ko Facebook kaɗai, mutum ya ga saƙo yana shiga amma burauza ta yi shiru, ya ɗauka aljanu ne. Danna alamar jirgin sama a kashe ta bayan ɗan lokaci yakan sa waya ta sake kama sabis.

Wanda ya fi ruɗa jama'a shi ne agogo. Kowane shafin banki yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma burauza tana gwada ranakun nan da kwanan watan da ke cikin wayar. In batir ya mutu ƙurmus ko an cire shi, wata wayar takan koma shekarun baya, sai burauza ta ga takardar ba ta yi daidai ba, ta fito da jan gargaɗi ta toshe hanya. Gyara kwanan wata, ko a bar shi waya ta riƙa ɗauko shi da kanta daga sabis, shi ke nan magana ta ƙare. Amma in kwanan wata daidai yake, gargaɗin kuma bai tafi ba, musamman a kan wifi na otal ko tasha, kada a kuskura a rubuta lambar sirri. Gara cinikin ya jira.

Opera Mini, wadda mutanenmu ke so don ba ta cin data, tana bi da shafi ta na'urorin kamfaninta ta matse shi tukuna, shi ya sa wasu shafukan cike takarda ba su zama daidai a cikinta. A gwada wata burauzar. In har yanzu da saura, a share tarkacen da burauza ke tarawa, amma mai yin haka ya tabbata yana riƙe da kalmomin sirrinsa, don za a sake tambayarsa.

Inda ake yin asara shi ne wajen wasu masu gyara da ba su da magani sai filashin. Wannan yana wanke waya tas: lambobin dillalai, hotunan rasit, saƙonnin murya na iyali daga Illela ko Potiskum, har da lissafin bashi. Ga wanda littafin cinikinsa duka yana cikin WhatsApp, kuɗin gyaran ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai rasa. Mai gyaran kirki yakan tambayi ko an ajiye kwafin kayan kafin ya taɓa, yakan kuma fara sa layinsa a wayar ya gani ko za ta buɗe.