Shin Ko Kun San? Inuwa da Naman Shanun Turka

Shin ko kun san cewa a watan Yunin 2022 zafi ya kashe shanu aƙalla 2,000 cikin 'yan kwanaki a jihar Kansas ta Amurka? Ƙosassu ne da ake turkawa a manyan garake, wasunsu dab da kai su mayanka. Iska ta ɗauke, dare bai yi sanyin kirki ba, dabbobin suka kasa sauke zafin da suka kwasa da rana.

Ko kun san an yi irin haka a yammacin jihar Iowa a Yulin 1995, inda shanu kusan 3,750 suka mutu? Da aka bi diddigi, sai aka ga garaken da ke da rumfa asararsu kaɗan ce ƙwarai in aka gwada da waɗanda ke fili fetal.

Ko kun san cewa sa yana fama da wuta biyu ne? Ga rana daga sama, ga tumbinsa da ke aiki kamar murhu, domin narkewar abinci zafi take haifarwa, kuma yana kai maƙura awa 4 zuwa 6 bayan ci. Zafin jikinsa na lafiya wajen digiri 38.5 ne. Da ya fara haurawa, sai san ya rage ci, ya tsaya gindin kwatarnin ruwa yana haki, baki buɗe, miyau na dalala. Ranar da bai ci ba kuwa, ba ƙiba. Rumfa ba ta sanyaya iska, amma tana tare kusan kashi 30 cikin 100 na zafin da ke dukan fatarsa, wannan kuma ya isa ya koma kan abincinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne naman. Tsokar dabba tana da ajiyar sukari, wanda bayan yanka yake juyewa ya zama tsami, ma'aunin pH ya sauko daga wajen 7 zuwa 5.5. Tsamin nan ne ke sa nama ya yi ja mai haske, ya kuma jima bai lalace ba. San da ya jigata ya riga ya ƙone ajiyarsa, sai namansa ya fito baƙi-baƙi, ya yi saurin wari, kuɗinsa ya faɗi. Binciken da Jami'ar Texas Tech ta wallafa a 2002 ya nuna shanun da aka yi wa rumfa sun fi ci, sun fi nauyi, kuma baƙin nama ya ragu a cikinsu.

Ko kun san baƙin gashi ya fi zuƙar rana? Shi ya sa baƙaƙen shanu irin Angus ke shan wuya fiye da irin Brahman mai tozo.

A Ostareliya, ƙungiyar masu turkar shanu ta ɗauki alkawarin kowace dabba za ta samu inuwa zuwa 2026.

Bunaji da Bokolo namu masu juriya ne, amma mai turkar sa ya sani cewa ƙiba kanta tana riƙe zafi. A ɗaga rumfa ta kai mita 3 zuwa 4 don iska ta ratsa, a bai wa kowane sa aƙalla murabba'in mita 2, kada kuma ruwa ya yanke a gabansa.