Sunan Tsiro a Ɗakin Gwaji: Waiwaye a kan Ayyukan Farfesa Fanna Inna Abdulrahman

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi ayyukan wata masaniyar kimiyyar sinadarai a Jami'ar Maiduguri, domin nuna cewa bincike a kan magungunan gargajiya daga harshe yake farawa. Kafin a kai saiwa ɗakin gwaji, sai an fara jin sunanta da amfaninta daga bakin masu magani.

2.0 Tushen Aikin

An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975. A 1983, malamai biyu masana sinadarai, J. A. Akinniyi da M. U. S. Sultanbawa ɗan ƙasar Siri Lanka, suka wallafa jerin sunayen tsirrai na Barbarci tare da sunayensu na kimiyya da amfaninsu a mujallar Annals of Borno. Wannan aiki ya yi kama da wanda J. M. Dalziel ya yi wa Hausa a 1916. A irin wannan fage ne Fanna Inna Abdulrahman ta gina aikinta, har ta kai matsayin farfesa.

3.0 Fagen Bincikenta

Kundin digirinta na uku, wanda ta kammala a 2004, ya nazarci ɓawon saiwar ɗinya. Yadda ake irin wannan aiki shi ne, a samo ɓawon, masanin tsirrai ya tantance shi, a shanya a daka, a tatso sinadaransa, sannan a gwada a kan dabbobi. Gwaje-gwajen da ta yi da abokan aikinta sun nuna cewa ruwan ɓawon yana sa barci, yana kuma rage raɗaɗi a jikin dabbobin gwaji. Haka nan sun nazarci wani nau'in gauta da Barebari ke kira gorongo.

4.0 Kammalawa

A nan ne aikin ya shafi masana harshe. Kalmar gauta kaɗai tana ɗauke da nau'o'i da dama, kuma suna kan sauya daga kari zuwa kari. Idan aka kuskure suna, an kuskure tsiro, sakamakon gwajin kuwa ya tashi a banza. Saboda haka ya kamata sassan harsuna su haɗa gwiwa da na kimiyya wajen taskace waɗannan sunaye tun dattawan da suka san su suna raye.