Shawarar da Ba Ta Zuwa Ita Kaɗai

A Deira ta Dubai, kasuwar da fataken Kano suka sani kamar Kwari, idan idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar shayi ba madara, sai 'yan ɗaki su ce shawara ce, a nemo saiwar rawaya. Sau da yawa kuwa sabon kamu ne na ciwon hanta nau'in B, kuma likita mai lura ba zai sallame shi ba sai ya auna ƙanjamau.

Dalili shi ne ƙofarsu ɗaya: jini, saduwa ba kariya, allurar da aka yi wa wani, askar da ba a sauya ba, da uwa zuwa jariri. Ƙwayar hantar ma ta fi naci, tana iya kwana 7 a busasshen jini da ranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da ita miliyan 254 a 2022, kuma kimanin miliyan 2.7 suna da cututtukan biyu.

Baligi mai ƙarfin garkuwa, fiye da 90 cikin 100 jikinsa kan kori ƙwayar hantar da kansa cikin wata 6. Mai ƙanjamau kuwa ta fi samun wurin zama a jikinsa, hantar ta yi saurin ƙandarewa. Akwai kuma tarko a magani. Tenofovir da lamivudine suna aiki a kan cututtukan biyu. Idan aka ba mutum ɗaya kawai don hanta, ba a san yana da ƙanjamau ba, sai ƙwayar ƙanjamau ta saba da maganin ta daina jin sa. Wanda ya fara sha kuma ya yanke, hanta na iya tashi masa da fushi.

A Dubai lamarin ya wuce asibiti. Duk mai neman takardar zama sai an auna shi ƙanjamau da tarin fuka, masu aikin gida da na abinci da na shagon aski kuma har da hanta. Wanda aka samu da ƙanjamau ba a ba shi takardar, gida zai koma, ga bashin dillali a wuya. A ganina ganganci ne mutum ya fara jin labarin jininsa a can, alhali Asibitin Malam Aminu Kano na yin awon biyu kafin a sayi tikiti. Idan hanta ta fito lafiya, a karɓi rigakafi, allura 3 cikin wata 6. Waɗanda aka haifa kafin 2004 a Najeriya galibi ba a yi musu ita suna jarirai ba.